Baƙon Likita A Asibitin Tenwek: Me Yake Bari Idan Ya Tafi?

Duk wanda ya girma kusa da asibitin mishan a ƙasar nan, ko Vom, ko Garkida, ko Jankwano a Jos, ya san yadda labari yake bazuwa idan aka ce baƙon likita ya sauka daga ƙasar waje. Kafin gari ya waye layi ya kai bakin ƙofa. Mai gwaiwa, mai yanar ido, mai maƙoƙo, kowa ya zo da tabarmarsa da ɗan guzurinsa. Bayan mako biyu ko uku baƙo ya hau jirgi. Waɗanda Allah ya sa aka yi musu aiki sun koma gida suna godiya, waɗanda layi bai kai kansu ba kuwa sai a ce su jira baɗi, in Allah ya kai mu. Iyayenmu sun ga haka, mu ma mun gani.

A wannan mako za mu kai masu karatu ƙasar Kenya, wani asibitin ekklesiya da ake kira Tenwek, domin a can an daɗe ana kokawa da wannan tambaya: mutumin nan da aka ce ya jira baɗi, me za a yi masa? Amsar da suka samu ta sake fasalin aikin sa kai na ma'aikatan lafiya ƙwarai, ta kuma shafe mu.

Tenwek yana yankin Bomet ne, yamma da Nairobi, tafiyar kamar awa huɗu a mota. Ƙasa ce ta tuddai da gonakin shayi, mai yawan ruwan sama, mazaunin mutanen Kipsigis. 'Yan mishan na World Gospel Mission suka fara aikin magani a wurin a 1937, da ɗan ɗakin shan magani a hannun nas-nas. Sai a 1959 aka sami likita na fari, Dokta Ernie Steury daga Amurka, wanda ya yi shekaru da dama shi kaɗai, shi ne mai fiɗa, shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne kuma wanda ake tasa da tsakar dare. A shekarun 1980 asibitin ya gina madatsar ruwa a kogin da ke gangare da shi domin ya sami wutar lantarki ta kansa, ya kuma buɗe makarantar koyon aikin jinya. Yau asibitin yana ƙarƙashin ekklesiyar Africa Gospel Church, watau ekklesiyar 'yan ƙasa da ta fito daga wannan mishan, yana da gado fiye da 300. Takensu kuwa sananne ne a gabashin Afirka, ma'anarsa da Hausa shi ne: mu muna ba da magani, Yesu ne yake warkarwa.

Baƙi masu aikin sa kai sun daɗe suna zuwa Tenwek. Da yawansu ta hannun ƙungiyar World Medical Mission suke zuwa, wadda wasu likitocin fiɗa biyu, wa da ƙane, Richard da Lowell Furman, suka kafa a 1977 tare da Franklin Graham, take kuma aiki a ƙarƙashin Samaritan's Purse. Dalilin farko ba wani mai nisa ba ne. Likitan mishan mutum ne, yana gajiya, yana da iyali, yana bukatar hutu. Idan ya tafi gida ba wanda ya tsaya a madadinsa, ɗakin fiɗa ya rufe ke nan. Saboda haka likitan da ke da aikinsa a Amurka ko Kanada ko Ingila sai ya ɗauki hutunsa na shekara, ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa, ya zo ya riƙe wurin na mako biyu ko wata guda. Wannan alheri ne, kada kowa ya raina shi. Amma baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Idan rana ta ɗaga ba a ganinsa.

Girman rami

Domin a gane abin da ya sa riƙon ƙwarya ba zai isa ba, sai a dubi lissafi. A 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ba da rahoto cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun aikin fiɗa mai lafiya, a kan lokaci, da kuɗin da za su iya biya. Rahoton ya ce ana bukatar ƙarin fiɗa miliyan 143 kowace shekara a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ya kuma sa ma'auni, cewa a kowane mutum 100,000 ya kamata a sami aƙalla ƙwararru 20, idan aka haɗa likitocin fiɗa da masu ba da maganin barci da likitocin haihuwa. Ƙasashen Afirka da yawa ba su ko kusa da wannan adadi ba. To, jirage nawa za su kwaso baƙin da za su cike irin wannan rami? Ko dukan likitocin fiɗa na Amurka sun ba da hutunsu, ba zai cika ba.

Likitocin mishan sun riga masana ganin wannan. A 1996, a wani taron likitocin mishan a Kenya, Dokta David Thompson na asibitin Bongolo a ƙasar Gabon da waɗansu abokan aikinsa suka zauna suka dubi junansu. Kowannensu yana fiɗa dare da rana, kowannensu gashi ya fara fari, ba kuwa wanda zai gaje shi. Daga wannan zama aka haifi ƙungiyar da ake kira PAACS, wadda aikinta shi ne horar da likitocin Afirka Kirista su zama ƙwararrun masu fiɗa a cikin asibitocin mishan na Afirka, ba tare da sun ƙetare teku ba. An fara a Bongolo a 1997. Daga baya Mbingo a Kamaru, da Soddo a Habasha, da Kijabe da Tenwek a Kenya suka shiga. Asibitin Galmi na SIM a Jamhuriyar Nijar, wanda aka buɗe a 1950, wanda kuma 'yan'uwanmu na Sakkwato da Illela suka sani sarai, shi ma ya shiga cikin shirin, watau har da Hausa ake duba majiyyata a wannan makaranta mai rassa da yawa.

Horon shekara 5 ne bayan mutum ya riga ya zama likita. A gabashin Afirka ɗalibi yakan zauna jarrabawar kwalejin likitocin fiɗa ta yankin, wadda ake kira COSECSA, domin takardarsa ta zama karɓaɓɓiya a idon gwamnati. Akwai nazarin Littafi Mai Tsarki a cikin tsarin karatun, akan kuma yi alkawari da ɗalibi cewa idan ya gama zai yi wasu shekaru yana aiki a Afirka, a inda ake da bukata. Wanda ya karanta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 2, zai gane inda aka samo wannan tunani na danƙa abin da ka koya ga amintattu waɗanda su ma za su koya wa waɗansu.

Tun da Tenwek ya zama asibitin koyarwa, aikin baƙo ya sake. A dā akan tambaye shi, mutum nawa ka yi wa aiki? Yanzu tambayar ita ce, wa ya tsaya kusa da kai, me kuma ya iya yau wanda bai iya ba jiya? Baƙon da ya shekara 30 yana fiɗa a babban asibitin ƙasarsa, idan ya shiga ɗakin fiɗa a Tenwek, sau da yawa wuƙar tana hannun ƙaramin likita ɗan Kenya ko ɗan Habasha ko ɗan Kwango, shi kuwa babban yana ɗaya gefen tebur yana riƙe masa, yana nuna masa inda zai yanka da inda zai kiyaye. Aikin da zai gama cikin awa ɗaya da hannunsa sai ya ɗauki awa biyu. Duk likitan fiɗa zai gaya maka wannan ya fi yin aikin wuya, gama hannu yana ƙaiƙayi. Da safe kuma akwai taron ba da rahoton marasa lafiyar da aka kwantar cikin dare, akwai zagayen ɗakuna, akwai lacca, akwai zaman da ake bin diddigin wanda ya mutu ko wanda aikinsa ya lalace domin a ga inda aka yi kuskure. A nan ne ƙwarewar baƙo take shiga kan mutane goma a lokaci ɗaya.

Labarin zuciya

Ba inda wannan ya fito fili kamar aikin zuciya, kuma ya kamata iyaye su karanta wannan sashe da kyau, domin ciwon da za mu ambata yana nan a gidajenmu.

Abin yakan fara ne da ciwon maƙogwaro na yara, irin wanda muke cewa ba komai, ko kuwa mu kira wanzami ya cire belu. Wani irin ciwon maƙogwaro ƙwayar cuta ce take kawo shi, wadda maganin fenisilin mai araha yake kashewa. Idan ba a ba yaro magani ba, jikin waɗansu yaran yakan tashi yaƙi da ƙwayar cutar, amma a cikin yaƙin sai ya afka wa gaɓoɓin yaron da zuciyarsa. A cikin zuciya akwai ƙananan ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa domin jini ya bi hanya ɗaya. Duk lokacin da zazzaɓin nan ya dawo sai ya ƙara lalata su, har ƙofa ta ƙanƙance ko ta kasa rufuwa. Bayan shekaru sai a ga budurwa 'yar shekara 16 ba ta iya hawa ɗan tudu sai da haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Wata ma ba a sani ba sai ta yi aure ta ɗauki ciki, nauyin cikin ya fi ƙarfin zuciyar. A Turai da Amurka wannan ciwo ya kusa zama tarihi, har ƙananan likitocinsu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. A Afirka kuwa yana cin matasa har gobe.

Dokta Russ White, likitan fiɗa ɗan Amurka wanda ya zauna a Tenwek tun 1997, ya ga irin waɗannan yara suna zuwa suna komawa gida su mutu. A 2008 aka fara fiɗar zuciya a asibitin, da taimakon ayarin baƙi masu zuwa na ɗan lokaci. Ayari ne na gaske, domin likitan fiɗa shi kaɗai ba ya buɗe zuciya. Sai da mai ba da maganin barci, da mai sarrafa na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu yayin da aka tsai da zuciyar, da nas-nas na ɗakin masu tsananin ciwo waɗanda za su kwana a tsaye kan majiyyaci, da mai ɗaukar hoton zuciya, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, har da makanikin da zai gyara na'ura idan ta tsaya. (A nan ne za a gane kuskuren masu cewa aikin mishan na asibiti na likitoci ne kawai.) Ayari ya zo, a yi wa yara kaɗan aiki, ayari ya tafi, jerin sunayen masu jira kuwa ya fi na dā tsawo, gama labari ya bazu.

Ga kuma wata matsala da ba a gani a hoton da baƙo yake kai wa ekklesiyarsa. Idan aka sa wa yarinya ƙofar zuciya ta ƙarfe, za ta sha maganin tsinka jini, wanda ake kira wafarin, duk tsawon ranta. Dole a riƙa gwada jininta a kai a kai. Idan maganin ya yi kaɗan jini ya daskare a kan ƙofar, idan ya yi yawa ta zubar da jini. Maganin kuma yana da haɗari ga ɗan tayi idan ta ɗauki ciki. Wa zai bi ta shekara 20? Ba wanda ya hau jirgi ba. Fiɗar kwana ɗaya ce, kulawar kuwa ta rai da rai ce, kuma tana hannun nas da likitan da ke zaune a Bomet.

Saboda haka Tenwek ya mai da hankali ga horar da nasa. Bayan kimanin shekara 10 da fara aikin aka buɗe horo na musamman domin likitocin fiɗa na Afirka su ƙware a aikin zuciya da ƙirji. A 2017 an ba Dokta White lambar yabo ta L'Chaim mai ɗauke da dala 500,000, domin ƙarfafa wannan aiki. A 2024 kuma aka buɗe sabon ginin cibiyar zuciya da ƙirji a Tenwek, wanda Samaritan's Purse ta ɗauki nauyin ginawa. Yau akwai likitocin Afirka da aka horar a wurin waɗanda suke buɗe zuciya da hannunsu ko akwai baƙo ko babu. Baƙi suna zuwa har yanzu, amma suna zuwa ne su tarar da aiki yana tafiya.

Ba kullum baƙo ne malami ba, wannan ma sai a faɗa. Yankin Bomet yana cikin wuraren da ciwon daji na hanyar abinci, watau bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki, ya yi yawa ƙwarai, har a jikin matasa. Likitocin Tenwek sun ƙware wajen zura wani ɗan bututun ƙarfe mai kama da raga a inda ciwon ya toshe, domin mai ciwon ya iya haɗiye abinci a sauran kwanakinsa, sun kuma rubuta abin da suka gano a mujallun likitoci na duniya. Baƙon da ya zo daga babban birni yakan tarar ƙaramin likita ya yi wannan aiki fiye da yadda shi ya taɓa gani. Haka nan tarin fuka, da hanjin da zazzaɓin taifot ya huda, da hanjin da ya murɗe. Mai hankali a cikinsu yakan yi shiru ya koya.

Inda ake tuntuɓe

Kada mu yi kamar duk mai zuwa alheri yake kawowa. Asibitocin mishan a ko'ina cikin Afirka sun san irin baƙon da ke zuwa da kyakkyawar niyya ya bar wahala. Akwai mai kawo na'urar da aka yi domin wutar Amurka, a jona ta a nan ta ƙone, ko kuwa ta lalace a rasa kayan gyaranta, ta zama wurin ajiye takardu. Akwai mai cika akwati da maganin da kwanansa ya ƙare. Akwai wanda a ƙasarsa ba a yarda ya yi wani aiki ba, amma da ya sauka Afirka sai ya ga dama ta samu ya gwada hannunsa a jikin talaka. Wannan zunubi ne, ko da an yi addu'a kafin a fara. Akwai mai ɗaukar hoton majiyyaci tsirara ba izini domin ya nuna a gida a tara kuɗi. Akwai kuma wanda ya raina nas ɗin da ta shekara 25 a ɗakin, alhali ita ce ta san harshen mai ciwo, ta san abin da danginsa za su iya biya, ta san maganin da ke cikin sito da wanda babu. Baƙo ko yana da ido makaho ne.

Asibitin koyarwa yana rage wannan ɓarna, domin akwai tsari. A Kenya likitan waje ba ya taɓa majiyyaci sai ya sami lasisi daga hukumar likitoci ta ƙasar, nas ma sai ta yi rajista da hukumar jinya. Asibiti ne yake faɗin irin ƙwararren da yake bukata da watan da yake bukatarsa. Shugaban sashe yana nan, baƙo a ƙarƙashinsa yake. A ganinmu wanda ya fi amfani shi ne mai komowa wuri ɗaya kowace shekara, har ɗalibai su san shi, su riƙa aika masa hoton ƙashi ko na zuciya ta waya suna neman shawara bayan ya koma. Waɗansu kuma zuwan ɗan lokaci ne yake zama musu kira. Wasu iyalan likitoci da suka yi shekara biyu a Tenwek bayan gama horonsu, cikinsu har da Dokta Jason Fader, sun wuce ƙasar Burundi a 2013 suka zauna a asibitin Kibuye, inda ɗaliban likita na jami'ar Hope Africa suke koyon aiki.

Mu fa?

Mun saba ɗaukar kanmu masu karɓar baƙi. Amma Nijeriya ma tana aikawa. Tun 1987 gwamnatin tarayya take da shirin tura ƙwararru, har da likitoci da nas-nas, su yi aikin taimako na shekara biyu a ƙasashen Afirka da tsibiran Karibiyan da na Fasifik. Ban da wannan, kusan kowace babbar ekklesiya a Jos ko Kaduna ko Yola tana da ɗa ko 'ya da ke aikin asibiti a Ingila ko Amurka ko Saudiyya. Ba za mu zarge su ba, kowa ya san abin da ya kore su. Sai dai ga Jankwano nan, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, yana da ɗaliban likita, yana da sashen gyaran mata masu yoyon fitsari. Ga Galmi, inda mai jin Hausa ba ya bukatar tafinta. Ɗanmu da ya ƙware a waje, idan ya ba da mako uku a shekara ya tsaya a ɗaya gefen tebur, ya fi Baturen da bai san ko sannu ba saurin shiga zuciyar ɗalibi da ta majiyyaci. Shugabannin ekklesiya sukan rubuta wa waɗannan 'ya'ya wasiƙa idan ana ginin majami'a. Da wuya ka ji an rubuta ana roƙon hutunsu.

Wanda kuma yake nan gida, likita ne ko nas ko unguwar zoma ko mai haɗa magani, yana jin kira ya je wata ƙasa, hanya ita ce ya fara rubuta wa asibitin ya tambayi abin da suke bukata, ya jira amsa. Ya nemi lasisin ƙasar tun da wuri, domin takardu sukan ɗauki watanni. Ya sami wasiƙar fastonsa da izinin wurin aikinsa, ya shirya kuɗin jirgi da na masauki, gama mai aikin sa kai ba a biyansa. Idan Kenya ce, ya riƙe katin allurar shawara, za a iya tambayarsa a filin jirgi. A asibiti Turanci ya isa tsakanin ma'aikata, amma a bakin gado sai Swahili ko Kipsigis, saboda haka ya koyi gaisuwa tun kafin ya tashi. Ya kuma sa rigar sanyi a jaka, domin dare a tuddan Bomet ko mutumin Jos zai nemi bargo.